Dillancin Fili A Waya: Suna Shi Ne Jari

In dai kina riƙe da babbar waya, na san ba ki rasa cin karo da irin tallar nan ba. Saurayi ya sha shadda, ya tsaya tsakiyar fili yana nuni da hannu, yana cewa, "Hajiya, fuloti ne hamsin da hamsin, bakin titi, ba rigima." A da sai cikin birnin Kano ake ganin haka, yanzu kuwa abin ya iso har wajenmu, Gaya da Ajingi.

Ba abin mamaki ba ne. Tun da Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991, aka kuma buɗe jami'a a Wudil a 2001, titin da ya tashi daga Wudil ya ratsa Gaya zuwa Dutse bai rabu da jama'a ba. Gonakin da iyayenmu suka noma gero da gyaɗa a bakin hanya, yau ana yanka su fuloti-fuloti. 'Yan uwanmu da ke ci-rani a Legas da Abuja suna son su mallaki wuri a gida, ba su da halin zuwa, sai su dogara da abin da waya ta nuna musu.

Na ga mata ma sun fara shiga harkar daga cikin ɗakunansu, ina kuma yi musu murna. Ai dillanci ba baƙon mata ba ne. Ni na tashi na ga wata gwaggona a Gaya tana yawo gida-gida da ƙullin atamfofi da kwalla da 'yan kunne. Ba ta da shago, ba ta da allo, amma matar aure za ta cire sarƙar gwal ta miƙa mata ba shaida, ta kwana da kwanciyar hankali. In zane ya taɓa shiga ruwa, ita za ta fara faɗa miki kafin ki taya. La'adarta sananniya ce, ba ta ƙara ko kwabo a ɓoye. Da gonar gado ta tashi sayarwa a danginmu can ƙasar Ajingi, mata cewa suka yi sai dai a kira ta ta zauna, alhali ba ta taɓa dillancin gona ba. Abin da masu koyar da kasuwancin zamani ke kira gina suna, ita ta gama gina shi tun kafin wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001.

To, ke da kike son ki yi wannan sana'a ta WhatsApp ko Facebook, ki sani waya ba ta gina wa mutum suna, yaɗa shi kawai take yi. In mai kyau ne ta kai shi nesa, in mummuna ne ta kai shi inda ƙafarki ba ta taɓa zuwa ba. Kada ki ɗora hoton filin da ke ko maharraminki bai taka ba. Cikin zaurukan dillalai hoto ɗaya kan bi hannu biyar, kowa ya ɗora nasa kuɗin, a ƙarshe ba wanda ya san mai filin. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Ki tsaya a yankin da kika sani. Gara a ce, "In filin Gaya ne, a tambayi wance," da a ce kina tallar Kano da Kaduna da Abuja ba ki san ko ɗaya ba.

Sannan ki faɗi aibi. Filin da aka ɗauka hoto cikin Maris, fes za ki gan shi, amma je ki duba shi a Agusta, wataƙila kwaɗi ke kuka a ciki. In ruwa na kwanciya, ki rubuta a ƙarƙashin hoton. In awon igiya ne, ki ce awon igiya ne. Addininmu ya haramta ɓoye aibin kaya, ya kuma haramta a sa wani ya taya da tsada ba da niyyar saye ba don kawai a ruɗi mai saye. Rubuta "mutum uku sun taya" alhali ba kowa, ɗan uwan wannan ne. La'ada kuwa a yanke ta tun farko, mai fili ya sani, mai saye ya sani. Ba kuma dole ne ki nuna fuskarki ba. Fili ake saye, gaskiya ake nema.

Ke kuma da kike tara kuɗin adashe don ki mallaki wuri, ko kika gaji gona ana lallashinki ki sayar, a nan nake son ki buɗe kunne. Yawan mabiya a TikTok ba shaidar amana ba ne. Kada ki tura kafin alƙalami saboda an ce "yau kaɗai ne." Ki tura ɗan uwanki ya je ya gaida mai unguwa da dagaci, ya tambayi maƙwabtan iyaka huɗu: gonar wa ce, an raba gadon kuwa? Rigimar fili da yawa daga nan take tasowa, babban wa ya sayar, ƙanne mata da marayu ba su sani ba. Matar mamaci tana da tumuninta in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, 'ya mace tana da rabin rabon namiji, ba wanda ke da ikon sayar da wannan ba da yardarsu ba. A mazhabarmu ta Malikiyya kuma, in ba a raba gona ba, abokin tarayya ya fi bare haƙƙin sayen kason da aka sa a kasuwa, shi ne malamai ke kira shufu'a.

Ki san matsayin takardarki ma. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora amanar ƙasar jiha a hannun gwamna, shi ke ba da izinin mallaka a birane, ƙaramar hukuma kuma ke ba da na gargajiya a karkara. Takardar ciniki mai sa hannun shaidu da mai unguwa tana da muhimmanci ƙwarai, sai dai ba ita ce shaidar mallaka ta gwamnati ba. A rubuta komai da sunanki, ba da sunan wani ba don kunya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki ta sauka.

Mu mata mu ne muka fi cutuwa in ciniki ya ruɓe, domin ba mu saba zaryar kotu ba, kuma sau da yawa kuɗin sadaki ne ko na gadon uba ya salwanta. Saboda haka mai talla ta tsare sunanta, mai saye ta tsare dukiyarta. Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya raba mu da cin haƙƙin maraya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya yarda.