Maski, Kifin Jifa Dubu Goma

A wannan wata ina so in kai ku nesa, can arewacin Amurka da Kanada, ƙasar manyan tafkuna. A cikin tafkunan nan akwai wani kifi da a ke kira maski, sunan kuwa ya fito ne daga harshen Ojibwe, mutanen ƙasar na asali. Dogo ne, bakinsa kamar na agwagwa, haƙoransa sai ka ce na tsage. Wanda wani mutum mai suna Cal Johnson ya kama a jihar Wiskonsin a shekarar 1949 ya yi laba 67 da rabi, watau kilo 30 da ɗan ɗoriya. Na san mutanen Argungu da Yawuri za su yi murmushi, gama giwan ruwa ta fi haka nesa. Amma ba girma ne ya jawo masa suna ba, wuyar kamu ce. Shi ya sa a ke yi masa kirari da kifin jifa dubu goma.

Na fara jin labarinsa ne a bakin wani dattijo mutumin Minesota wanda ya koya mana labarin ƙasa a sakandare, ni kuwa ɗan masunta ne, don haka na riƙe. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda su ke farautarsa a farkon shekara, lokacin da a kan fassara mana da bazara. Kada sunan ya ruɗe ku. Bazararsu ba irin tamu ce mai gumi ba. Lokaci ne da ƙanƙara ke narkewa daga kan tafki, tsakanin Maris da Mayu, ruwa yana nan da sanyinsa.

Sa'ad da ɗumin ruwa ya kai wajen digiri 10 zuwa 15, sai maski ya shigo gaɓa inda babu zurfi don ya yi ƙwai. Ba ya yin sheƙa, ba ya gadi. Macen takan watsar da ƙwai dubbai a cikin ciyayi ta yi gaba. Bayan wannan takan fito a rame, a gajiye, wani lokaci har da raunuka a jiki. Wanda bai san wannan ba, ko ya yini a kan ruwa, hannu wofi zai koma.

Dabarar ita ce jan ƙugiya. Maimakon mutum ya tsaya yana ta jifa har kafaɗa ta gaji, sai ya saki zare a bayan jirgi mai inji, ya yi ta tafiya a hankali, kifin ƙarya na katako ko na roba yana rawa a cikin ruwa. Da damina ta su, in ruwa ya yi ɗumi, sukan ja babban koto mai tsawon inci 10 ko fi, jirgi yana gudun mil 4 ko 5 a awa. A bazara kuwa gwanaye sukan rage komai. Koto ya koma inci 4 zuwa 6, gudu ya sauko wajen mil 3. Dalili a fili ya ke. Wanda ya tashi daga ciwo ba a fara shi da tuwon dawa, da kunu a ke lallaɓa shi.

Sa'an nan sai zaɓen wuri, nan ne kuwa darasin labarin ƙasa ya ke da amfani. A ƙasashen nan rana takan bi ta kudancin sama, don haka lungunan da ke gefen arewa na tafki su ne ke shan hantsi, su ne kuma ke fara ɗumi, balle in ƙasansu baƙar laka ce. Bambancin digiri ɗaya ko biyu ya isa ya tara ƙananan kifaye, inda su ke kuwa nan maski ya ke. Ba a jan jirgi a miƙe. A kan riƙa karkata dama da hagu kamar tafiyar maciji, gama a kowace kwana koton waje yakan ƙara gudu, na ciki ya rage, sau da yawa a daidai wannan canji ne kifin ke kai cafka. Wani abin mamaki, maski ba ya tsoron inji. Waɗansu sukan saki zare ƙafa 10 ko 15 kaɗai, koto yana iyo cikin kumfar farfela, nan ma yakan zo ya kama. A bakin zaren dole a ɗaura waya ko wani zare mai kauri ƙwarai, in ba haka ba haƙora su datse shi.

Ba ko'ina a ke yarda da wannan su na bazara ba. A jihohin da ke kudu kaɗan, kamar Kentaki da Ohayo, a kan yi shi. A Minesota kuwa doka ta rufe kamun maski sai Asabar ta fari a watan Yuni, bayan ya gama ƙwai. Tun shekarar 2015 kuma, a tafkunan cikin jihar, ba a tafiya gida da wanda bai kai inci 54 ba. Ko wanda ya kai ma yawanci sakinsa a ke yi. Wata ƙungiya mai suna Muskies Inc., wadda Gil Hamm ya kafa a 1966, ta yi ƙoƙari ƙwarai wajen koya wa mutane haka.

Da na ba wani kawuna wannan labari, sai ya tafa hannu ya ce, wane irin ƙoshi ne zai sa mutum ya ƙona mai, ya kama kifi, ya mayar? Yana da gaskiyarsa. Su wasa su ke yi, mu kuwa cefane mu ke nema, ba kuwa zan ce wa mai 'ya'ya shida ya saki abincin darensa ba. Amma lissafin da ke ciki ban ga inda ya karkace ba. Manyan maski kusan duka mata ne, mace kuwa takan yi shekara 15 ko fi kafin ta kai inci 50. In ka ɗauke ta, ka ɗauke ƙwan shekaru masu zuwa. Kakanninmu ma sun san haka. Ai a Matan Fada ta Argungu hana su a ke yi har ranar biki, shi ya sa a ke fito da manya. Abin da ke ba ni tsoro shi ne taru mai ƙananan idanu da na ke gani yanzu a kogin garinmu, wanda ba ya barin uwa, ba ya barin ɗa.

Sakin ma da ƙa'idarsa. Kifin yakan zauna cikin babbar koma a cikin ruwa, a cire ƙugiya da doguwar filaya, in ta shige da yawa a datse ta. In za a ɗaga shi don hoto, a kwance a ke ɗaga shi, hannu ɗaya a ƙarƙashin ciki, ba a rataye shi ta kai. Daga nan a mai da shi ruwa, a riƙe gindin wutsiya, a jira har ya fizge da kansa.