Hanyar Dhaka

Ran da na ce ma Inna ina son zuwa Dhaka, babban birnin Bangaladash, dariya ta yi: "Daka? Ga turmi can, ɗiyata."

Ni ko ba wasa nike ba. Aikin mastar ɗina kan Kazi Nazrul Islam ne, mawaƙin Bangali da aka haifa a 1899, wanda Turawan Ingila suka ɗaure a 1923 saboda alƙalaminsa. Abin da ya ja ni shi ne yadda ya saka kalmomin Larabci da Farisanci cikin waƙoƙinsa, kamar yadda malamanmu na ajami suka yi da Larabci cikin Hausa. A Dhaka kabarinsa yake, kusa da masallacin jami'a, can kuma ake adana rubuce-rubucensa.

Wuri ukku na kai takardun neman tallafi. Wani ma'aikaci ya dube ni ya ce: "Mi ya hana ki zaɓi mawaƙin Faransa?" Ashe kuɗin bincike ma hanya guda suka sani.

Yanzu mu shidda mun kafa adashe, jikka goma-goma duk wata. Kwasata ko kusa da kuɗin jirgi ba ta kai. Amma Inna ta hana a taɓa ragonta, wai sai biza ta fito.