Wa Ya Ɓata Na'urar Kaka?

Ni tsohon malamin makaranta ne, na yi ritaya, kuma a unguwarmu a Jos an san ni da gyare-gyare. In dutsen guga ya ƙi zafi, ni a ke nema. In famfo yana ɗiga, ni ne. Uwargida takan ce wa maƙwabta, "Ku kawo wa Malam, ba ya rasa dabara." Wannan yabo ya daɗe yana yi mini daɗi, ban kuwa san inda zai kai ni ba sai a watan Disamba na 2023.

Muna da na'urar ɗumama abinci, irin wadda a ke kira maikirowef. Babban ɗanmu ne ya kawo ta a Kirsimeti na 2019, saboda mahaifiyata da ke zaune tare da mu. Kaka, kamar yadda kowa a gidan ke kiranta, ta haura shekara 80. Ba ta iya cin abinci da yawa a zama ɗaya, sai kaɗan-kaɗan, sau shida ko bakwai a yini, kuma ba ta shan kunu mai sanyi. Wanda ya san sanyin Jos a lokacin hunturu ya san kunun da aka dama da asuba ba ya kai hantsi da ɗuminsa. Kafin na'urar ta zo, sai a kunna risho kowane lokaci. Da ta zo sai aikin ya zama na minti ɗaya. Har muka riƙa kiranta na'urar Kaka. Mai yin wannan hidima kuwa ita ce 'yar ƙanwata, yarinya 'yar shekara 14 da mu ke riƙo tun rasuwar mahaifinta.

Wata Laraba da yamma uwargida ta tafi zumuntar mata, yarinyar kuma tana wurin koyon waƙa a majami'a. Kaka tana barci. Yunwa ta kama ni, ga shinkafa da wake sun yi sanyi a kwanon silba, ga shi an ɗauke wuta. Sai na ta da ɗan janaretanmu, wanda ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba. Na san an rubuta a bayan na'urar cewa tana jan wat 1,200. Na kuma san ba a sa ƙarfe a ciki, gama ni da bakina na karanta wa mutanen gidan wannan doka ranar da aka kawo ta. Amma na ce ai minti ɗaya ne. Na tura kwanon yadda ya ke, har da cokali mai yatsu a ciki, na kunna.

Nan da nan sai tartsatsi, shuɗi kamar walƙiya, da ƙara tas-tas-tas, da warin ƙuna. Janareta ya yi gurnani. Na fizge ƙofar da ƙarfi, janareta ya mutu, na ciro kwanona, na buga ƙofar na rufe. Na buɗe taga don warin ya fita. Na ci shinkafata da sanyinta. Da suka dawo ban ce kome ba.

Washegari da sassafe an kawo wuta. Yarinyar ta zuba wa Kaka kunu a kofi, ta je ta buɗe ƙofar na'urar, sai aka ji "tau!" Fitilar ciki ta mutu, agogon fuska ya ɗauke. Uwargida ta fito da gudu. Ta leƙa ciki ta ga baƙin tabo a bangon dama, sai ta hau yarinyar da faɗa. Yarinyar tana kuka tana cewa, "Mama, ni buɗewa kawai na yi." Uwargida ta ce, "Buɗewa ce ta ƙona bango? Ga ɓarna ga ƙarya." Sai yarinyar ta juyo ta dube ni ta ce, "Kawu, ban sa kome ba." Ni kuwa, dattijo a ikilisiya, wanda ya ke bi da addu'ar safe a gidan, sai na ce, "To, ya isa haka. Zan duba ta."

Ya ku masu karatu, ga lissafin da na yi a zuciyata. Na ce in na gyara na'urar da hannuna kafin Lahadi, magana za ta mutu, yarinyar ta huta, ni ma asirina ya rufu. A lokacin har gani na ke taimakonta zan yi.

Ran Asabar na ɗora na'urar a kan tebur na fara bincike. Abubuwan da na fara yi daidai ne, kowane mai gida yana iya yinsu. Na sa fitila a soket ɗin, ta kama, wato laifin ba na bango ba ne. Na duba wayar tun daga fulogi har zuwa jikin na'urar, ba inda ɓera ya ci, ba inda ta narke. Na kwance fulogin, irin mai ƙafa uku, na ciro ɗan fiyus na amfa 13 da ke ciki, na musanya shi da na dutsen guga. Shiru. Na duba ƙugiyoyin ƙofa, ba wadda ta karye. A nan ya kamata in tsaya. Amma sai na ɗauko sukundireba na kwance murfin ƙarfen da ya rufe jikinta, ko da ya ke akwai gargaɗi a manne a baya. Na karanta shi, na ce wannan don marasa sani ne, ai na cire fulogi.

Ciki na ga wani fiyus kusa da inda waya ta shigo. Na tabbata shi ne ya ƙone. Dabarata ita ce irin wadda mu ka saba: in naɗe shi da siririyar wayar tagulla in mayar. Sai kuma na hango wani abu kamar ƙaramin gwangwanin kifi a can ƙasa, da wayoyi a kansa, ɗaya kamar ta saki. Na miƙa hannun dama zan gyara mata zama, hannun hagu yana dafe da jikin ƙarfen.

"Malam! Kada ka motsa! Janye hannunka a hankali!"

Wani ɗan'uwa ne daga majami'armu, mai gyaran rediyo da talabijin, wanda ya yi shekara fiye da 30 a wannan sana'a. Ya zo gai da Kaka ne, uwargida ta ce masa ina ɗakin girki. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ran nan. Na janye hannu ina dariyar kunya, na nuna masa fulogin a ƙasa. Bai yi dariya ba. Ya ja kujera ya zauna, ya ce in saurara.

Ya ce wutar da ke shigowa gidajenmu bolt 230 ce, amma na'urar nan ba ta aiki da wannan. Akwai tiransifoma a ciki, wancan ƙarfe mai nauyi, da ke ɗaga wutar zuwa wajen bolt 2,000. Gwangwanin da na miƙa wa hannu sunansa kafasita, shi da wani ɗan abu da a ke kira dayod su ke ninka wutar ta kai wajen bolt 4,000, domin su ciyar da maginitiron, wanda shi ne ke haifar da igiyar da ke ɗumama abinci. Aikin kafasita ajiyar wuta ne, kamar randa. Ko an cire fulogi, randar tana iya kasancewa a cike. Masu ƙira sukan sa wani ɗan abu a ciki mai tsiyaye wutar a hankali, amma in ya lalace ba abin da zai nuna maka daga waje. Ya ce, "Da hannu ɗaya a kan waya, ɗaya a kan ƙarfe, ta ƙirjinka za ta bi. Malam, mutane sun mutu a kan wannan, har da masu gyara."

Sai na ji gwiwoyina sun yi sanyi. Na tuna da Kaka a ɗaki, wadda ta riga ta binne 'ya'ya biyu.

Ya aika aka ɗauko masa jakar kayan aikinsa. Da kayan da aka yi domin haka ya zubar da wutar kafasitan, ya auna da mita, ya sake aunawa, sa'an nan ya taɓa. Ba zan bayyana yadda ya yi ba, don kada wani mai irin halina ya karanta ya ce ya koya. Yana aiki yana ba ni labari. Ya ce wani Ba'amurke mai suna Percy Spencer, injiniya a kamfanin Raytheon, shi ne ya gano wannan hanya ta dafa abinci a 1945, sa'ad da alewa ta narke a aljihunsa yana tsaye kusa da maginitiron na rada. Ta farko da aka sayar a 1947 ta kusa tsawon mutum, nauyinta ya haura kilo 300. Igiyar kuwa tana kaɗawa sau miliyan 2,450 a daƙiƙa guda, tana girgiza ruwan da ke cikin abinci har ya yi zafi. Tsawonta wajen santimita 12 ne, shi ya sa ba ta iya fita ta ƙananan hujojin ragar da ke gilashin ƙofa, amma ido yana gani ta cikinsu.

Da ya auna fiyus ɗin, ya ce lalle ya ƙone. Na ce masa dama niyyata in naɗe shi da waya. Ya ajiye mita ya dube ni. Ya ce fiyus ba ya ƙonewa don ganin dama, sai an nemi abin da ya ƙona shi. Ya nuna mini ƙananan makunnai uku a bayan inda ƙugiyoyin ƙofa ke shiga. Biyu aikinsu su yanke wuta da zarar an buɗe ƙofa. Na ukun mai gadi ne: in an buɗe ƙofa amma ɗan'uwansa ya ƙi yanke wuta, sai shi ya haɗa wayoyi da gangan ya ƙona fiyus, domin gara na'ura ta mutu da ta yi aiki ƙofa a buɗe. Da na naɗe fiyus da waya, da na ɗaure hannun mai gadin ke nan, wayoyin gida su yi ta zafi. Ya gwada makunnan ɗaya-ɗaya. Na sama ya manne, ko an danna ko an saki ba ya rabuwa.

Sa'an nan ya leƙa ciki ya ciro wani ɗan faifai mai kama da kwali daga bangon dama, inda baƙin tabon ya ke. Ya ce da dutsen maika a ke yinsa, shi ne ke rufe bakin da igiyar ke fitowa. Maiƙo da miya in sun taru a kansa sukan ƙona shi, amma namu fes ya ke, gama yarinyar tana goge shi kullum. Ya nuna mini ɗigo-ɗigon ƙuna a fentin bango. Ya ce, "Wannan aikin ƙarfe ne. An sa kwano ko cokali, ya yi tartsatsi, aka fizge ƙofa tana cikin aiki. Wanda ya zo daga baya, ko buɗewa kawai ya yi, fiyus zai tafi."

Uwargida tana tsaye a bakin ƙofa. Yarinyar tana bayanta da tsintsiya a hannu. Kalmar da ta faɗa ran Alhamis, ita ce mai gyara ya maimaita, shi da bai san an yi faɗa ba. Uwargida ta buɗe baki za ta ce wani abu, na ga idonta ya nufi yarinyar, wato har yanzu tana zaton ita ta sa kwanon. Da na yi shiru minti ɗaya kuma, da maganar ta zauna haka har abada.

Na ce, "Ni ne. Ran Laraba, da janareta, da kwanon silba."

Ba wanda ya yi magana. Ɗan'uwan nan ya sunkuyar da kai yana ta ƙoƙarin kwance makunni, kamar bai ji ba, Allah ya sa masa albarka. Na kira yarinyar ta matso. Na yi shekara 35 ina koya wa yara su ce "na yi laifi," ban san nauyin kalmar ba sai da na faɗa wa 'yar shekara 14 a gaban baƙo. Na ce, "'Yata, kin faɗi gaskiya, na ji, na yi shiru. Ki gafarta mini." Ta durƙusa ta ce, "Ba kome, Kawu," hawaye suna zuba. Na fi so da ta yi fushi, da ya fi mini sauƙi. Uwargida ta kama hannunta su ka shiga ɗaki, su ka daɗe. Abin da su ka faɗa wa juna ban ji ba. Abin da uwargida ta faɗa mini da dare kuwa na ji sarai, ba kuma na bugawa a mujalla ba ne.

Ran Litinin ya dawo da sabon makunni, da fiyus mai lamba daidai da tsohon, da faifan maika wanda ya yanka da almakashi a kan siffar na dā. Ya auna dayod da kafasita, ya ce lafiyarsu ƙalau, maginitiron ma ya tsira. Da shi ne ya mutu, in ji shi, da sai mu yi shawara ko gyaran ya fi sayen wata. Ya mayar da murfi ya ɗaure kowane sukuru kafin ya sa fulogi. Ya ce kada a taɓa kunna ta ba kome a ciki, kada a dafa ƙwai da ɓawonsa, kada a haɗa ta da ƙaramin janareta, in ƙofa ta lanƙwashe ko ragar ta huje a daina aiki da ita. Da ya zo kan maganar ƙarfe sai ya yi tari ya wuce.

Ya sa kofin tangaran cike da ruwa, ya ce yarinyar ta kunna. Ta dube ni, na ce ta kunna. Bayan minti biyu ta buɗe, tururi yana tashi. Daga ɗaki sai muka ji muryar Kaka tana tambaya ko yau ma da risho za a ɗumama mata kunun, gama ta gaji da warin kananzir.