Tsohon Adireshi da Amanar Saƙo

  

Malaman tarihi sun ruwaito cewa lokacin da Manzon Allah (SAW) zai yi hijira daga Makka zuwa Madina, a shekarar 622 Miladiyya, akwai ajiyar mutanen Makka a hannunsa. Sai ya bar Sayyidina Ali (RA) a baya, ya yi kwana uku yana mayar wa kowa da kayansa, sannan ya bi sahu. Abin da na fahimta daga nan shi ne, ƙaura ba ta cika don mai ƙaura ya isa sabon gida, sai haƙƙin da mutane suka rataya a tsohon gidan ya kai ga masu shi. Wannan darasi ya sake bayyana gare ni a inda ban yi tsammani ba, wato a akwatunan Imel.

Akwai wata ƙungiyar taimakon marayu mai ofishi a Rano da reshe a Kibiya, da aka ɗauke akwatunan wasiƙunta daga tsohuwar uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke karɓar saƙonni tana rarrabawa, zuwa sabuwa. Adireshin kowa bai canza ba ko da harafi ɗaya. Saƙon da ya fito daga waje yana shiga lafiya lau. Amma tsakanin ma'aikatan kansu, sai wasu saƙonni suka riƙa dawowa da dogon rubutu mai farawa da IMCEAEX, wai babu mai wannan suna. Cikin waɗanda suka dawo har da jerin sunayen yaran Kibiya da za a biya wa kuɗin makaranta. Malamin da ya aika ya ɗauka matsalar sabis ce, ya sake aikawa. Na Rano kuwa suka ga shiru, har wasu suka fara cewa mutanen Kibiya sun yi sakaci. A nan ne aka neme ni in duba.

Ga yadda abin yake. A tsarin Exchange na kamfanin Microsoft, kowane akwati yana da suna biyu. Akwai adireshin da kowa ya sani, mai alamar @ a tsakiya. Akwai kuma wani suna na ciki, mu kira shi sunan yanka, wanda aka gina bisa ƙa'idar X.500 da aka fitar tun 1988. Da wannan sunan yanka ne manhajar Outlook take kiran 'yan gida ɗaya. Duk wanda ka taɓa aika wa saƙo, manhajar za ta haddace shi, ta yadda da ka buga haruffan farko sai ta cika maka sauran. Outlook na 2003 da na 2007 suna ajiye wannan hadda a wani fayil mai suna NK2 a cikin kwamfutar mutum. Daga na 2010 aka koma ajiye ta a cikin akwatin kansa. To, idan aka gina wa mutum sabon akwati a sabon gida, ana raɗa masa sabon sunan yanka, alhali haddar abokan aikinsa tana nan riƙe da tsohon. Mai aikawa yana ganin sunan abokinsa daidai a fuskar kwamfuta, amma a ƙarƙashi ƙofar kango ake ƙwanƙwasawa.

Hanyar gyara biyu ce. Ta farko, a bi kowa da kowa a ce ya goge haddar manhajarsa. Wannan na rage matsalar, amma ba ya kawar da ita, domin tsofaffin wasiƙu da gayyatar taro su ma suna ɗauke da tsohon sunan. Ranar da wani ya amsa wasiƙar bara, sai ta dawo masa. Ta biyu, a koya wa sabon akwati amsa tsohon sunansa. Ana ciro sunan daga saƙon da ya dawo: a cire IMCEAEX- na farko da alamar @ da abin da ke bayanta, a mayar da kowace karan ƙasa ( _ ) ta zama karan tsaye mai karkata ( / ), +20 ya zama tazara, +28 da +29 su zama bakan buɗewa da na rufewa, +2E ya zama ɗigo. Sai a sa X500: a gabansa, a ƙara shi cikin adireshin sabon akwatin. Mafi kyau ma a kwashe waɗannan sunaye tun kafin a rufe tsohuwar uwar garke. Hanya ta biyun muka bi, kuma jerin yaran ya isa Rano kafin a rufe lissafi, alhamdu lillahi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bambancin hanyoyin nan biyu. Ta farko tana ɗora nauyi a kan wanda bai san an tashi ba. Ta biyu tana ɗora shi a kan wanda ya tashi. Kuma ita ce ta fi kusa da abin da addininmu ya karantar. Lokacin da aka juya alƙibla daga Baitul Maƙdis zuwa Ka'aba, wata 16 ko 17 bayan hijira, mutanen Ƙuba suna cikin sallar Asuba labari ya iso musu, suka juya a cikin sallar, ba a kuma ce su rama abin da ya gabata ba. Daga nan malamai suka ciro cewa hukunci ba ya hawa kan mutum sai labarinsa ya iso masa. Ina kuwa dalilin zargin wanda ya aika saƙo da kyakkyawar niyya zuwa adireshin da ya sani? Aya ta 58 a Suratun Nisa'i ta umurce mu da mayar da amana ga masu ita, aya ta 12 a Suratul Hujurat kuma ta hane mu yawan zato. Saƙo ɗaya da ya ɓace yana iya tozarta amana, ya kuma haifar da zato a lokaci guda.

Iyayenmu sun san wannan tun kafin kwamfuta. Wanda zai tashi daga unguwa yakan yi wa maƙwabta sallama, ya gaya wa mai unguwa inda ya nufa, don baƙo ko wasiƙa ko mai bin bashi kada su rasa shi. Yau mutum zai canza layin waya bai gaya wa gwaggonsa ta ƙauye ba, sannan ya ce an daina nemansa. Wani kuma ya canza ne don mai binsa bashi ya gaji ya haƙura, ya manta akwai ranar da babu wanda adireshinsa zai ɓace. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. To, ƙafar ma sai ta san inda za ta dosa.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, idan aikinka kula da saƙonnin mutane ne, ka sani amana ce a wuyanka. Idan kuma kai ne ka tashi, ka bar hanyar da mai nemanka zai same ka. Idan ka ji shiru daga ɗan'uwanka, ka bincika kafin ka yanke hukunci.

Allah Ya sa mu cikin masu riƙon amana, Ya tsare zukatanmu daga mummunan zato, Ya sa ƙaurarmu ta ƙarshe ta zama zuwa gidan aminci. Amin.