Agogon Kawu

Lokacin da muke firamare a Tsohon Birnin Gwari, keken haya ɗaya ne a unguwarmu, mu kuwa mun kai bakwai, kowa na cika baki ya fi kowa gudu. Ba halin mu jera mu yi tsere. Wata Juma'a da la'asar kawuna, direban Fijo 504 da ke jigila tsakanin Birnin Gwari da Funtuwa, ya gaji da musunmu, ya kwance agogon hannunsa ya ce, "Ku hau ɗaya bayan ɗaya. Daga gindin tsamiyar nan zuwa kwalbati, ku dawo. Agogo zai raba gardama."

Raina bai so ba. Ni burina in sha gaban abokina, in waiwaya in gan shi yana shaƙar ƙurata. Na ce, "Kawu, ai wannan ba tsere ba ne, tunda ba wanda zan wuce." Ya nuna mini ɗan siririn hannun agogon da ke zagayawa, ya ce, "Kai dai taka, yaro. Ga abokin karawarka nan."

Da na hau sai na ji abin ya bambanta. Babu wanda zan laɓe a bayansa in huta, babu wanda zan tare wa hanya. Yashin da ke kusa da kwalbati ya cinye mini daƙiƙa shida, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

A bakin Kawu na fara jin sunan gasar Faris zuwa Dakar, wadda aka soma a ƙarshen Disambar 1978, take ratsa Agadas da hamadar Tenere a wancan zamani. Yana bin labarinta a rediyo kamar da ƙanensa a ciki, don Fijo ta lashe ta shekara huɗu a jere, daga 1987 zuwa 1990, uku daga ciki da Ari Vatanen ɗan ƙasar Finlan a kan sitiyari. Motar Kawu kuwa haɗin Kaduna ce, inda aka fara haɗa Fijo a 1975, saboda haka nasarar har da shi. Ya ce a irin wannan gasa ba a sakin motoci lokaci guda. Ana ba kowace tazara saboda ƙura da ƙuncin hanya, a riƙa tara lokacin da ta ci kullum, wanda nasa ya fi kaɗan shi ne gwani, ko da bai sha gaban kowa ba. Sai da na girma na ga Formula 1 a talabijin, inda motoci ke tashi tare a kan kwalta, jama'a na ihu duk sa'ad da wani ya kutsa ta cikin kwana ya wuce. Abin akwai daɗin kallo, ban musa ba, amma zuciyata tana wajen agogo har yau.

Dalilina hanyarmu ce. A tasha 'yan kamasho sun fi yi wa mai aron hannu kirari, wanda zai fizgi mota ya wuce tirela a kan kwana. Mun sha ganin gawar motocin irinsa a gefen titi, ciyawa ta tsiro ta tagoginsu. Kawu kan bi bayan babbar mota har sai ya hango hanya fetal, amma ya san kowane rami da kowace gada, ba ya taka birkin banza, kuma da wuya a riga shi sauke fasinja a Funtuwa.

A shekarun da 'yan bindiga suka addabi dajin Birnin Gwari, na shiga mota daga Kaduna. Muna wuce Buruku direba ya dubi agogo, ya dubi rana, ya ce mu yi addu'a mu fita daji kafin magariba. Motoci biyar muka jero, babu wadda ta nemi wuce 'yar'uwarta har muka shiga gari.