Kone Beri, inda dakwara ta kawo kuɗin iska

Wanda ya bar Yamai ya kama hanyar Wallam, kafin ya yi nisa zai iske Kone Beri. Garin Zabarmawa ne. A da, akwai wani fili nan wanda ya zama fako. In ruwa ya sauka sai ya wuce, ko haki ba ya fita.

Daga shekara ta 2006 mutanen garin suka faɗa ma fakon nan. Sun gina rabin wata don tare ruwa, sun dasa dakwara, iccen da ke ba da ƙaro. Ba su kaɗai ba: garuruwa 26 na ƙasar Nijar suka shiga aikin, fili hekta 7.200.

To, mine ne kuɗin iska? Hayaƙin motoci da na masana'antu yana cika sama da wata iska da ake ce ma karbon, ita ke ƙara zafin duniya. Icce kuwa yana shanye ta, ya ajiye ta cikin jikinsa. Don haka masu hayaƙi ke biyan masu icce. A nan Bankin Duniya ne ya saya.

Amma kasuwar nan ba kamar ta gero ba ce, da za a auna tiya a miƙo kuɗi. Sai ma'aikata sun auna kaurin itatuwa da tsawonsu, sun rubuta. Sai wani mai bincike ya zo daga waje ya tabbatar. Sai kuma an san mai filin, da takarda. Nan ne maganar ke da nauyi, don fakon da manomi ke gani banza, sau da yawa hanyar bisashen makiyayi ce. In ba a zauna da shi ba tun farko, rikici na nan tafe.

An yi fiye da shekara 10 ana jira kafin kuɗin farko su fito: dalar Amurka 450.000 (ba dalarmu ta tamma biyar ba) ga garuruwan duka. Da jin sa da yawa. In aka raba, hekta guda ba ta kai jikka 40 ba, a duk shekarun nan. Wanda ya dasa don kuɗin iska kaɗai, da ya gaji tuni. Abin da ya riƙe mutane shi ne ƙaro, da haki don dabbobi, da ƙasar da ta farfaɗo.

Manoman Maraɗi da Damagaram za su tambaya: mu fa? Tun shekarun 1980 suke barin tohon gawo da kalgo cikin gonaki, har aikin ya kai wajen hekta miliyan 5. Sai dai masu saye sun fi biyan iccen da za a ƙara nan gaba. Wanda ya riga ya girma tun kafin a yi yarjejeniya, da wuya su sa shi cikin lissafi.