Daga Barnawa Zuwa Jinja: Ranar Da Kogin Nilu Ya Koya Mini Hankali

Duk wanda ya tashi a Barnawa ko Kakuri ko Nasarawa ya san dokar da iyaye ke kafawa da zarar damina ta kankama: kada a je rafi. Ni ma an kafa mini ita, na kuma sha karya ta. Da rani, idan Kogin Kaduna ya janye duwatsu suka fito, mukan sulale bayan an tashi daga makaranta mu je mu yi ta iyo. Da haka na ɗauki kaina gwanin ruwa. Sai da na je wata ƙasa na gane ban san komai ba.

Karatu ne ya kai ni Kampala, babban birnin Yuganda, inda ɗaliban Arewa suke da yawa. Da muka gama jarrabawa, mu huɗu muka yi karo-karo muka ɗauki hayar ƙaramar mota: ni, da wani ɗan Kakuri, da ɗan Sabon Tasha, da wani Bazazzagi wanda shi ne direbanmu. Inda muka nufa shi ne Jinja, garin da Kogin Nilu ke fita daga Tafkin Biktoriya, kimanin kilomita 80 gabas da Kampala.

A Yuganda ta hannun hagu ake tuƙi, kamar yadda ake yi a Najeriya kafin 1972. Saboda haka duk shataletalen da muka isa sai mun haɗa baki mun ce wa direba, "Hagu, mutumina, hagu!" Mun wuce Mukono, muka ratsa gonakin rake na Lugazi, sannan muka shiga dajin Mabira mai dogayen itatuwa, inda inuwa ke rufe titi da tsakar rana. A bakin hanya masu talla suka yanyame motar da gasasshiyar kaza a tsinke da gasasshiyar ayaba da suke kira gonja. Ɗan Sabon Tasha ya ce in ban da babu yaji, da sai ya rantse a hanyar Abuja muke.

Daga kan sabuwar gadar Jinja, wadda aka buɗe a 2018, muka fara ganin Nilu. Ruwan nan da ke ƙarƙashinmu zai ratsa Sudan ta Kudu da Sudan da Masar kafin ya faɗa Bahar Rum. Kowa ya yi tsit.

Abin da ya kawo mu shi ne wasan kayak. Kayak ɗan siririn kwalekwale ne na roba mai tauri, mai cin mutum ɗaya ko biyu. Ana zama a cikinsa a miƙe ƙafafu, a rufe bakinsa da wata roba da ke ɗaure a ƙugu don kada ruwa ya shiga, a riƙa tuƙawa da filafili mai baki biyu. Asalinsa na mutanen Inuwit ne da ke zaune a yankin ƙanƙara na arewacin duniya, suna farauta da shi. Yau ya zama wasa, har ana tsere da shi a ruwa mai gudu a gasar Olamfik. Masu wasan sun kasa wuraren da kogi ke gangarowa ta kan duwatsu yana kumfa zuwa mataki shida. Mataki na 1 ko yaro zai bi. Na 5 sai ƙwararru. Na 6 kuwa ko ƙwararrun ma yawanci fitowa suke yi su ɗauki jirginsu a kafaɗa su zagaye ta tudu.

Mai koyar da mu, wani matashi ɗan ƙauyen bakin kogin, ya raba mana hular kwano da rigar kariya daga nutsewa. Ni dai na saka tawa sakwa-sakwa, na ce masa a kogi na girma. Bai yi musu da ni ba. Ya kama kafaɗun rigar ya ɗaga, sai ga ta ta haye har kunnuwana. Ya ce, "Haka ruwa zai tuɓe maka ita." Ya ja maɗauran ya tamke. Abokaina suka yi ta dariya.

Mun shafe safiya guda a ruwa mai kwanciya muna koyon abubuwan da ban taɓa ji ba. Idan jirgi ya kife, ka fizge robar ƙugu ka fito. Idan ruwa ya ja ka, ka kwanta rigingine, ƙafafu a gaba, don su za su fara haɗuwa da dutse, ba kanka ba. Kada ka kuskura ka miƙe tsaye a ruwa mai gudu, domin ƙafa na iya maƙalewa tsakanin duwatsu, ruwan ya danne ka ko da bai wuce ƙugu ba. Ya nuna mana cewa a bayan kowane babban dutse akwai wurin da ruwa ke lafawa har ya ɗan koma baya, nan ake fakewa a huta. Ya nuna mana santsin ruwa mai kama da harshe da ke ratsa tsakiyar kumfa, ya ce nan ce ƙofa. Ashe kogi ma karanta shi ake yi.

Da la'asar aka kai mu wani gangare na 'yan koyo, ƙasa da madatsar Bujagali. Tun daga nesa na ji rugugi kamar na jirgin ƙasa yana barin tashar Kaduna. Na shiga ta ƙofar daidai, amma da igiyar farko ta dake ni a ƙirji sai na daina tuƙi, na ɗaga filafili sama. Nan take jirgin ya kife. Duhu, sanyi, ƙara. Na fizge robar na fito, sai tsohuwar ɗabi'a ta motsa, na fara laluben ƙasa da ƙafa. A lokacin na ji muryar ɗan Kakuri daga bayan wani dutse: "Kwanta! Ɗaga ƙafarka!" Na kwanta. Rigar da na raina ta ɗago ni sama kamar gora, har mai ceto ya iso na kama bayan jirginsa. Duka bai kai minti ɗaya ba, amma iyon da nake taƙama da shi bai tsinana mini komai ba.

A daren nan na kasa barci. Na tuna wani yaron layinmu da ya je wanka da damina bai dawo ba, sai bayan kwana biyu masunta suka gano shi. Ya fi ni iya iyo nesa ba kusa ba. Na tuna haɗarin jirgin ruwan yankin Pategi a jihar Kwara, a watan Yunin 2023, inda mutum fiye da 100 suka rasu suna dawowa daga biki. A wajen Pategin nan ne Kogin Kaduna ke haɗuwa da Neja bayan tafiyar kusan kilomita 550 daga tsaunukan Jos. Ruwan da ke wucewa ta bayan gidajenmu ke nan.

Washegari muka je Itanda muka tsaya a kan tudu muna kallon inda Nilu ke dukan duwatsu, feshi na tashi kamar hayaƙi. Mai koyar da mu ya ce irin wuraren nan suna ƙarewa. Gangaren Bujagali da ya yi suna a duniya ya nutse bayan an gina madatsar da aka kammala a 2012, ta Isimba kuma ta haɗiye wasu a 2019. Na ce masa mu ma haka: gangaren Busa, inda Mungo Park ya mutu a 1806, yana ƙarƙashin Tafkin Kainji tun 1968. An samu wutar lantarki, an rasa wani abu.

Da na dawo hutu na gangara bakin kogi, na tarar da wani dattijo masunci yana gyaran koma. Na gaishe shi na ce, "Baba, ta ina ake ƙetarewa idan ruwa ya kawo?" Ya nuna mini wurin da ruwa ke kwance a bayan dutse, da santsin da ke tsakiya, da inda ya ce ko shi ba ya kusanta. Karatun da na biya kuɗi na koya a Jinja, ga shi a ƙofar gida shekara da shekaru, ban taɓa tambaya ba.

Saboda haka, ƙannena, ba na ce ku ƙi kogi ba. Ku koyi iyo a wurin da akwai babba mai kula. Kada ku shiga ruwan damina, kada ku je ku kaɗai. Idan za ku hau kwalekwale ku nemi rigar kariya, ku tamke ta sosai, in kun ga jirgi ya cika ku jira na gaba. Wanda ya ce muku matsorata, ku bar shi da bakinsa. Allah Ya tsare mu, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.